Kada Ku Yi Gini a Kan Mahaifinku

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ni Zuwairatu 'yar Malam Jinjiri, mazauniyar Wagini, na rubuta wannan da hannuna a watan Zulhajji na shekarar 1370. Ƙafafuna sun kumbura har ba sa shiga takalmi, numfashina yana gajarta, amma hankalina ƙalau yake. Na faɗi haka tun farko domin na san za a ce ciwo ne ya taɓa ni, ko kuwa faɗan nan ne da na saba. Liman da Malam Mani sun zauna da ni, sun yi mini tambayoyi, sun shaida. Zuwa gare ku 'ya'yana uku: babbanku, da Haliru, da Bara'atu.

Na farko. Likkafanina yana cikin adudu. Ku kai ni maƙabartar gari, cikin talakawa. Kada ku sa ni gefen mahaifinku a gindin tsamiyar bayan gida. Ba gudunsa nake ba. Za ku ji dalili.

Na biyu. Gonar tudu da awaki da tasoshina, a raba yadda Allah ya ce. Liman ya fi ku sanin lissafin. Ba wanda ke bina, ba na bin kowa.

Na uku. Littattafan mahaifinku, na Larabci da na boko, a bar wa Bara'atu. Na san babu wasiyya ga magaji sai sauran magada sun yarda, na karanta wannan tun ba a haife ku ba. To ku yarda. Ita kaɗai ce take buɗe su. Ku maza kuna kaɗe musu ƙura ne kawai in baƙo zai zo.

A nan zan tsaya in gaya muku ko wane ne mahaifinku, domin abin da nake ji ana faɗa a kansa a bakin rijiya ba mutumin da na aura ba ne.

Yana saurayi ya yi wa wani Bature tafinta. Baturen yana yawo ƙauye ƙauye yana rubuta yadda muke aure da gado da noma. A wurinsa mahaifinku ya fara jin cewa zaman jama'a ma ilimi ne da ake karantawa, kamar fiƙihu. Amma ya lura da abu ɗaya: duk garin da suka sauka, shimfiɗa ake yi wa Baturen a ƙofar gidan mai gari, manya su zauna su ba shi labari, ya rubuta, ya tafi. Mahaifinku ya ce wannan ba garin aka rubuta ba, ƙofar gida ɗaya aka rubuta. Da ya bar aikin sai ya ɗauki tambayoyin ya kai su inda ba a kai su. Ya zauna da masu ɗibar ruwa, da mahauta, da matan da ke sussuka a gonar wani, da makiyaya a bakin daji. Tambayarsa ba ta da yawa. Wa ya noma wannan? Wa zai ci? Wa ya yanke cewa haka za a yi? Shi ya sa aka yi masa laƙabi da Mai Tambaya, kuma da farko ba yabo ba ne.

Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, ya bi gidajen Wagini da Runka da ƙafa yana zaman makoki. Ya dawo ya ce mini: «Zuwai, fari bai tsallake gonar kowa ba, amma gidajen da ake fitar da gawa iri ɗaya ne. Ruwa na Allah ne. Rabon yunwar nan kuwa da hannun mutum a ciki.» Daga nan bai sake yin shiru ba. Ya ce talauci abu ne da ake ƙerawa, yana da maƙera, kuma maƙeran suna da sunaye. Ya tsaya a tsakiyar kasuwar Runka ya ambaci sunan Daudu, mai sayen hatsi da kaka ya rufe a rumbuna sai bazara, ya tambaye shi a gaban jama'a wa ya noma gerron da ke ƙarƙashin makullinsa. Daudu ya yi dariya ya ce Malam ya sha rana.

Ba a daɗe ba, lokacin yaƙin Turawa, aka zo ɗiban mutane zuwa haƙar kuza. Mahaifinku ya tambaya me ya sa ba a taɓa ɗibar 'ya'yan masu zaɓen waɗanda za a tura ba. A ɗiba na gaba sunansa ya fito, mutum mai furfura. Kowa ya san wanda ya kai sunan. Ya dawo da tari a ƙirji wanda ya zama ajalinsa, takardunsa kuwa an kwashe tun yana can. Bai bar wani littafi da ya rubuta ba. Abin da ya bari shi ne rumbun tsimin da ya sa unguwarmu ta gina, kowa ya zuba dami da kaka, mai buƙata ya ɗiba ba tare da ya durƙusa wa kowa ba. Ya kuma bar samarin da suka koyi tambaya, har yau suna ba masu awo ciwon kai. Wannan ne mutumin.

Na huɗu. Rumbun nan kada ya mutu. Haliru, kai ka riƙe tsani. Kada a sa masa makulli.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Tun da aka binne shi, mutane suka fara zuwa ɗibar ƙasar kabarinsa. Ban san wanda ya fara ba. Wata safiya na tarar da Tasalla maƙwabciyarmu durƙushe, tana ƙulla ƙasa a bakin zane. Ta ce: «Haba Yaya Zuwai, 'yar kaɗan ce fa. Yaron nan ne ke ta ramewa, an ce in jiƙa masa.» Na ce mata: «Yaronki tuwo yake so, Tasalla. Da mai kabarin yana da baki, da ya tambaye ki inda dawarku ta tafi.» Ta sunkuyar da kai, amma ba ta kwance ƙullin ba.

Yanzu daga Batsari ake zuwa, daga Babban Duhu, a kan jakuna. Kabarin ya lotsa. Kwanan baya na ga kan itacen da aka jera a kansa ya leƙo. Suna cin mahaifinku da hannu bibbiyu, ƙulli bayan ƙulli, kuma ba wanda ya tuna kalma ɗaya da ya faɗa.

Ba zan ɓoye muku sauran ba. Matan suna cewa ƙasar da ɗumi. Na je da sanyin safiya, rana ba ta taɓa gindin tsamiyar ba, na sa tafin hannuna. Da ɗumi, irin na jikin mai zazzaɓi. Na karanta abin da na karanta, na san matacce ba ya tashi sai ranar tashi. Amma abin da hannuna ya ji ke nan.

Wani Bafillace da bai taɓa saninsa ba ya zo sayar da nono, ya ce wani dattijo ya tare shi da tsakar rana a hanyar Runka zuwa Babban Duhu, ya tambaye shi shanun wa yake kiwo, wa ke shan nonon. Ya ce shanun sun rabu biyu sun ba dattijon hanya, ba wadda ta ɗaga kai. Ya kwatanta yadda yake karkatar da kai gefen hagu in yana jiran amsa. Na biya shi kuɗin nononsa.

Ni kaina, tun da aka fara maganar yin gini a kan kabarinsa, nakan ji tarinsa a zaure bayan azahar. Tarin, sannan ɗan shirun nan da yakan yi kafin ya yi tambaya. Ina zaune ina jira. Tambayar ba ta zuwa. Bara'atu ta leƙa sau da yawa, ba kowa sai tabarma. Ba na jin tsoro. Na zauna da shi isasshen zama, na san abin da yake so ya tambaya, na kuma san ba ni yake jira in amsa ba.

Daudu ya aiko cewa zai gina ɗaki a kan kabarin, da ƙubba, da farar ƙasa, da aljihunsa, saboda Allah. Daudu ya tsufa amma bai yi wauta ba. Ya san waliyyi ba ya tambayar kowa komai. In ɗakin nan ya tashi, samarin da ke maimaita maganar mahaifinku a kasuwa za su koma cire takalmi a ƙofarsa. Mai yunwa zai zo ya roƙi matacce, ya koma ya durƙusa wa Daudu. Abin da ramin kuza ya kasa yi masa, farar ƙasa za ta yi.

Kuma babbanku, ɗan da na haifa, shi ne ya karɓi goron Daudu. Da na yi magana ya ce: «Inna, ai girmamawa ce. Su da suka wulaƙanta shi yau su ne za su gina masa. Ba mu ci nasara ba ke nan?»

Kai babba, ka san tun da ka zo duniya ban taɓa kiran sunanka ba. Ban ɗauke ka a gaban mutane ba, ban yabe ka ba, haka aka koya mana a kan ɗan fari. In zan kira ka sai in ce «kai yaro», har ka yi gemu. Wataƙila ka ɗauka rashin so ne. Ba shi ba ne. Yau zan ajiye kunyar, domin kada ka ce da wani nake.

Muntaka.

Na biyar, naka ne kai kaɗai. Ka mayar wa Daudu goronsa da hannunka, a kasuwa, ranar kasuwa. Ka ɗebo ƙasa daga gonar tudu ka cike ramin kabarin, ka kwashe fasassun tukwanen da aka yi alama da su, ka daidaita wurin da ƙasa. Ka shimfiɗa ƙaya mai faɗi, har kai kanka ka kasa nuna inda kansa yake. Addu'a tana isa gare shi daga ko'ina. Wanda ya zo neman ƙasa, ku ba shi ruwa, ku zaunar da shi a zaure, ku tambaye shi abin da ya same shi da wanda ya jawo, sannan a auna masa daga rumbu. In ka ɗora tubali ɗaya a kan mahaifinka, ko ka tsaya kana kallo wani ya ɗora, ban yafe maka nonon da ka sha ba. Na rubuta wannan, kuma ba zan goge ba. Ni ma shi ya sa na ce a kai ni cikin jama'a, kada a wayi gari ana jiƙa wa yara ni.

Na shida. Haliru, ka daina gaba da yayanka. Ka ɗaga masa fartanya a kan maganar nan, duk unguwa ta gani. Kana da gaskiya, amma ba ka da ladabi. Ka je ka gaishe shi. Ranar da zai cike ramin, kai za ka ɗauko masa kwando. Bara'atu, ke ki karanta musu wannan da ƙarfi, kada ki tsallake layi don tausayi.

Ban da wannan abu ɗaya, na yafe muku komai, ku ma ku yafe mini kaifin bakina. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu jin ƙanku, ya tsare ku daga durƙusa wa wanda ba Shi ba. Kada ku raba gidan nan, kada ku raba tukunya. In ɗayanku ya karkace, sauran su riƙe shi, kada su sake shi ga mutanen waje.

Muntaka, ɗana, ruwa ya kusa ɗaukewa, kuma an ce mini maginan Daudu sun fara kwaɓa ƙasa. Kada ka jira sadakar bakwai ɗina. Ka je tun ina da numfashi, ka dawo ka nuna mini ƙayar a hannunka, in sa maka albarka da sunanka.