Jan Facin Mama

Zuwa ga Mamata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, gwiwar kuma ta yi sauƙi. Ki gaida Yaya Kamilus da iyalinsa. Mu nan Migamuwa lafiya lau, sai kewarki.

Kin tambayi jirgin ruwan marigayi Baba. Bai ruɓe ba, Mama, surukinki ya tasa shi gaba. Tun da aka jawo shi kan rairayi, Lasanta ya manta yana da mata. Ya kankare cikinsa, ya toshe tsagar goshin nan, ya sauya gungumen gefen nan mai hana shi kifewa, wanda ruwa ya cinye, ya ɗaure shi da sabuwar igiya. Da warin fenti yake zama cin abinci.

Rigimarmu ɗaya ce, zanen iskan da ke tura jirgin. Shi wai zanen ya tsufa, ya sha rini har ya yi nauyi, kafin ya isa wurin jatan lande abokansa sun kwashe. Na ce ya taɓa komai ban da wannan. Jiragen unguwarmu duk zanensu ruwan ƙasa ne, da jan facin nan da kika ɗinka a sama nake gane namu tun daga nesa. Ya ce, "Dulsi, ni kika aura ko tsumma?" Na ce tsumman ya riga shi zuwa gidan.

Ki riƙa shan maganinki, kada ki ɓoye shi a ƙarƙashin matashi, na san halinki.

Taki,
Dulsi

Mamata abar ƙaunata,

Ina gaisuwa, ina fata kin tashi lafiya. Kafin wani ya kawo miki labari a karkace, ki sani Lasanta yana nan da ransa, yanzu haka minshari yake yi.

Ranar Talata suka fita, teku kwance. Wajen tsakar rana sai gari ya haɗe, iska ta juyo daga kudu, irin wadda kika sani. Muka bar busar da kifi muka yi bakin ruwa. Jirage suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowace mace ta hango nata ta yi alamar gicciye ta ruga. Ni ina ta neman ja a sama. Babu. Tun farko na ga wani jirgi mai farin zane ya sauka can wajen otal, ko kallo na biyu ban yi masa ba, na ɗauka na masu yawo da Turawa ne.

Da jirgin ƙarshe ya hau rairayi, na ga ba namu ba ne. Na durƙusa ina kiran sunansa. Gwaggo Rosalin ta riƙe ni tana addu'a, mata suka kewaye mu. Mama, na riga na fara tunanin yadda zan gaya miki jirgin Baba ya tafi da mijina.

Sai na ji murya a bayana: "Wa ya rage a ruwa? Ku faɗa mu koma nemansa." Na juya, ga shi tsaye jiƙe sharkaf, kwando a kafaɗa, hankalinsa a tashe, shi ma yana leƙen teku.

Gwaggo Rosalin ta ce, "Kai muke yi wa kuka, ɗan banza. Ajiye kwandon ka taya mu."

Ashe sabon zanen leda ya saya a ɓoye, ya ajiye gidan abokinsa, ya ɗaura shi da safiyar ranar don ya ba ni mamaki. Ya kuwa ba ni. Na dake shi a ƙirji har hannuna ya yi zafi, sannan na riƙe rigarsa na ƙi saki. Kuma dole in faɗi gaskiya, zanen nan mara nauyi shi ya fitar da shi gaban iskar, ya riga kowa isowa. Ban gaya masa haka ba, kada kansa ya kumbura.

Jiya na shimfiɗa tsohon zanen a tsakar gida don in cire jan facin in mayar kan sabon. Tun ina yarinya nake jin Baba yana cewa iska ce ta yaga wurin kika rufe da zanenki na zuwa coci. Na warware ɗinkin a hankali, ina tsoron yagar da zan tarar. Mama, babu yaga. Ko zare ɗaya bai tsinke ba a ƙarƙashinsa.

Na daɗe zaune da shi a cinyata. Shekara nawa kika yi tsaye a rairayin nan kina neman jan nan a sama, ba ki taɓa gaya mana kina jin tsoro ba?

Na ɗinka shi a can sama, inda kika sa shi. Lasanta da kansa ya riƙe mini zanen.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya dawo mana da ke.

'Yarki,
Dulsi