Yadda Hisham Ya Riƙe Ta

Zuwa ga mahaifina, Baba Saje,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwar ladabi da biyayya daga ɗanka Nuhu, daga unguwar Ainu Shams a Alƙahira, da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Shekara guda ke nan da aka rufe ka, ban samu zuwa jana'iza ba. Bayan haka, akwai wata tambaya da ka yi mini a waya shekara uku da suka wuce, na ba ka amsar ƙarya. Ita nake so in gyara yau, kuma a gaban mutane, don a ɓoye na kasa.

Ka ƙare ƙuruciyarka kana koya wa kuratan 'yan sanda harbi da ƙaramar bindiga, amma ko sau ɗaya ba ka bari na taɓa ta gaske ba. Ta katako ka sa kafinta ya sassaƙa mini. Inna ta yi ta mita, wai yaron da za a tura karatun addini me ya haɗa shi da wannan. Ka ce mata, "Ba don ya harba ba ne. Don ya gane ne in wani wawa ya riƙe ta kusa da shi."

Har gobe hannuna bai manta ba. Hannun dama ya hau can sama a mariƙi, har tsakanin babban yatsa da manuni ya danne ƙarƙashin ƙeyarta, ba a bar gurbi ko na tsinke ba. Hannun hagu ya zo ya cike abin da ya saura, manyan yatsun biyu su kwanta gefe ɗaya suna kallon gaba. Wuyan hannu a ƙage, ƙirji ya ɗan ranƙwafo. Manuni kuwa yana miƙe a gefe, ba ruwansa da kunama sai an yanke shawarar harbi.

In na riƙe, sai ka doki bakin katakon daga ƙasa da tafin hannunka, wai ka nuna mini yadda take naushi baya in harsashi ya fita. Ranar da na sassauta, ta tashi ta ƙwale ni a goshi. Ka yi dariya har da riƙe ciki, ni kuma ina kuka. Da ka gama ka ce, "Harsashi na farko kai ka aike shi. Na biyu, in riƙonka ya lalace, shi ke zaɓar inda zai je."

Ban manta da shekara biyun da muka yi a wani ƙauye da ba ruwa ba wuta ba. Sai da na girma Inna ta faɗa mini dalili. Wani babban ofisa ya zo filin harbi ya riƙe bindiga da hannu ɗaya yana hira, ka kama wuyan hannunsa a gaban kurata ka karɓe ta. Da na tambaye ka ko ka yi nadama, ka ce gara canjin wurin aiki da ɗaukar gawa.

To Baba, ga abin da ya faru.

Ka san Mamman Sani, abokin ɗakina ɗan Damagaram, wanda ke ƙwace wayata ya gaishe ka ya ce "Mon commandant." Ya fi ni karatu nesa ba kusa ba, saura masa 'yan watanni ya gama. Miyarsa ba ta ciyuwa don yaji, kuma in ka yi magana ya ce mutanen Najeriya ba su da harshe. Muna haya a hawa na biyu a gidan wani dattijo, Ammu Fathi, mutumin kirki. Duk azumi sai matarsa ta aiko mana da buɗa-baki, kuma lokacin da gari ya yamutse 'yan sanda suka ɓace daga tituna, shi ya ce wa matasan layi kada wanda ya taɓa 'ya'yansa baƙaƙe. Tun daga wannan yamutsin ne bindiga ta yi yawa a unguwa, har masu sayar da burodi suna da labarin wanda ya sayi tasa.

Ranar da za a kai kayan ɗakin 'yarsa, bayan la'asar, aka jera motoci a-kori-kura a layi, an ɗora firji da katifu da tukwane, mata suna guɗa. A nan al'adarsu ce a yi harbi sama a irin wannan rana. Ni ina ƙasa a bakin ƙofa ina taya su ɗaukar kaya. Mamman Sani yana baranda a samanmu, ya fito kwashe shanya ya tsaya kallo.

Sai Hisham, babban ɗan Ammu Fathi, ya zaro ƙaramar bindiga daga ƙugunsa. Tsakanina da shi bai fi taku biyu ba.

Na gani, Baba. Ya riƙe ta can ƙasa a mariƙi, tsakanin hannunsa da ƙeyarta akwai gurbin yatsa biyu. Hannu ɗaya ne, don ɗayan yana riƙe da waya yana ɗaukar hoto. Wuyan hannun a lanƙwashe kamar mai miƙa kofin shayi. Manuninsa tuni yana cikin kunama. Duk abin da ka hana, ya haɗa su a hannu guda, kuma na karanta su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ka koya mini.

Har ya juyo ya kalle ni yana murmushi, ya ɗaga mini ita ya ce, "Tamam, ya sheikh?" wato ko komai daidai ne.

Kunya ce ta kama ni. Na tuna ni baƙo ne, na ci abincin gidansu, ga surukansu tsaye, ga abokansa. Wane ne ni, ɗalibi baƙar fata, da zan gyara wa ɗan mai gida riƙon bindiga ranar bikin ƙanwarsa? A gida an koya mana baƙo ba ya ƙure mai masauki. Sai na mayar masa da murmushi na ce, "Tamam."

Ya ɗaga hannu ya harba. Ta naushe shi, bakinta ya kifo baya ta saman kansa, ta kusa suɓucewa. Ya damƙe ta da sauri don kada ta faɗi, yatsan nan yana ciki. Na biyun ya fita.

Ba wanda ya lura da farko, guɗa ba ta ma tsaya ba. Wata farar riga ce ta faɗo daga baranda ta sauka a kan firjin amarya. Na ɗaga kai ban ga Mamman Sani ba.

A wuya ya same shi. A motar da aka sauke wa katifu muka ɗora shi, kansa a cinyata, direba yana ta ihu a ba da hanya. Bai kai asibiti ba. A nan Alƙahira muka rufe shi, mu ɗalibai da Ammu Fathi, wanda ya tsufa a cikin kwana ɗaya. Ni na kira mahaifiyarsa a Damagaram. Ta tambaye ni ko ya samu kalimar shahada, na ce ya samu, sai ta yi mini godiya. Wannan godiyar ta fi komai ci mini rai.

Washegari ka kira. Ka yi mini ta'aziyya, sannan ka ce, "Kana kusa?" Na ce e. Ka ce, "Yaya ya riƙe ta?" Na ce ban gani ba, akwai cunkoso. Daga nan ka ce Allah Ya ji ƙansa, ba ka sake tayar da maganar ba har ka koma ga Allah. Ina jin ka sani, Babana. Ka san idon da ka horar ba ya kuskure hannu mai bindiga. Ka rufa mini asiri ne kawai, ni kuma na bar ka ka tafi da ƙaryata a kunnenka.

Kowa ya ce mini ƙaddara ce, ma'alish, wato sai haƙuri, kwanansa ne ya ƙare. Na yi imani da ƙaddara, ita nake karantawa. Amma na san Hisham bai san abin da hannunsa ke yi ba, ni na sani. Yana gidan yari yanzu, ni kuwa ina yawo ana ce mini ustaz.

Watan jiya aka yi wani biki a bayan layinmu. Ina dawowa daga masallaci na ga wani saurayi ya zaro tasa, riƙon iri ɗaya. Ban san lokacin da na kama wuyan hannunsa na danna bakinta ƙasa ba. Ya zage ni, ya zagi launin fatata, ya kwaɗa mini mari, mutane suka shiga tsakani, wani dattijo ya karɓe bindigar. Shi ke nan.

Mari ɗaya ne, Baba. Kafin in isa gida kuncina ya huce. Na zauna a kan katifar Mamman Sani na yi kukan da ban yi ba ranar da muka rufe shi, don sai a ranar na san girman abin da na ji wa tsoro.

Ka yafe mini. Allah Ya ji ƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka da abin da ka koya mini ko da na kasa riƙe shi a ranar da ake bukata. Allah Ya gafarta wa Mamman Sani, Ya ba mahaifiyarsa haƙuri, Ya sassauta wa Hisham da mahaifinsa. Ni kuma Allah Ya ba ni abin da zan faɗa ranar da za mu tsaya mu uku a gabansa, ni da Mamman Sani da Hisham. Amin.

Ɗanka da ya gani ya ce tamam,
Nuhu