Gaba Ashirin da Biyu Na Rubuta, Ba Mita Ba

Zuwa ga Shugaban Sashen Ruwa da Tsaftar Muhalli na ƙaramar hukumarmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yallaɓai, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka da ma'aikatanka, ina gajiyar tarurruka? Na tambaya ne domin sau huɗu ina zuwa ofishinka, sau huɗu masinja yana ce mini kana Katsina wurin taron bita kan yadda ake tafiya da jama'a a ayyukan gwamnati. Allah Ya sa ana fahimtar karatun. Tunda a ofis ba ka samuwa, na ga gara in rubuto ta inda kowa zai gani, ko wani da kuke zama kusa a wurin taron ya miƙa maka.

Sunana Haruna Iro, amma a Tudun Gawo da kewaye Haruna Maidagi aka san ni. Haƙar rijiya na gada wurin mahaifina, ita nake yi har kaina ya yi fari. Daga nan har bakin iyaka wajen Kongolam, da wuya ka yi tafiyar wuni ba ka sha ruwan rijiyar da na haƙa ko na yasa ba. Boko a ajin yaƙi da jahilci na koya da girmana, saboda haka in ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri da shi.

Maganata guda ce. Rijiyar garinmu tana rufe da kankare bisa umarninka, burtsatsen da kuka ba mu a madadinta ya ƙafe, kuma ka tsaya gaban jama'a ka ce ni ne sanadi. Zan bi abin daki-daki, don kada gobe a ce tsoho ne ya ruɗe.

Na farko. Damina uku da suka wuce jami'inku Malam Nura ya zo a kan babur, aka tara mu a ƙofar mai gari. Ya ce zamani ya sauya, gwamnati ta daina zama a ofis tana yanke wa talaka hukunci, yanzu mutanen gari su ne za su tattara bayanin ruwansu da kansu, a kan wannan bayanin za a yi aiki. Aka kafa kwamiti, aka ba ni auna zurfin rijiya duk safiyar Juma'a kafin mata su fara ja. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi har cikin raina. Tunda nake, ba a taɓa aiko wani daga ofis ya tambaye ni abin da na sani game da ƙasa ba. Ranar har gida na je ina ba matata Tabawa labari, ina washe baki.

A wurin na tambaye shi da me zan auna. Na gaya masa mu da gaba muke awo, wato mutum ya buɗe hannayensa biyu, daga kan yatsan dama zuwa kan na hagu, yana bin igiya yana ƙirgawa. Ya ce babu komai, tef ɗin awo yana hanya, nan da mako biyu zai iso, kafin nan in ci gaba yadda na saba. Yallaɓai, tef ɗin nan har yau yana hanya. Shekara biyu cur ina awo, kuma kowace takarda sai na rubuta kalmar gaba da hannuna a saman akwatin da aka ce zurfi, tunda fom ɗinku bai faɗi da me za a auna ba. A tsakiyar bazara, lokacin da ruwa ya fi yin ƙasa, gaba ashirin da biyu nake samu. Duk ƙarshen wata Malam Nura yana zuwa ya karɓa, ya cusa a jaka, ya tambaye ni ina gida, ya tayar da babur. Ban taɓa ganin ya buɗe ko ɗaya ya duba ba.

Na biyu. Ƙasar Tudun Gawo ruwa biyu gare ta, kuma duk mai haƙa a yankin nan ya sani. Akwai na sama, wanda damina ke bari kwance a kan laka, wajen gaba goma sha biyu zuwa sha uku. Za ka gan shi garau, ka ɗauka ka iso. Ni ruwan yaudara nake ce masa, domin zafi na shigowa yake tafiya. Ruwan gaskiya sai ka fasa lakar, ka wuce marmara, ka kai wani yashi mai tsakuwa. Na yi wa Malam Nura wannan bayani, ba sau ɗaya ba. Ya ce bayani ne mai kyau ƙwarai, sai dai babu akwatinsa a fom.

Na uku. Da kaka motar haƙa ta zo, aka ja igiya aka kewaye wurin, mu aka ce mu tsaya a baya. Na tsaya ina kallon abin da injin ke fesowa, domin ƙasa ce kaɗai ke faɗin inda aka kai. Ja ta fito, laka ta fara fitowa, sai ga ruwa. Gari ya ɗauki sowa, ma'aikata suka fara naɗe kaya. Ni kuwa ban ga marmara ba balle yashin nan mai tsakuwa. Na tsallaka igiya na sami ɗan kwangila na ce masa ba a iso ba, wannan na damina ne. Ya zaro takarda daga ofishinku ya nuna mini ashirin da biyu, ya ce ai har sun wuce da uku. Na ce ba zai yiwu ba. Sai ya dafa kafaɗata, gaban yara da manya, ya ce:

"Baba, koma bayan igiya. Wannan aikin masu ilimi ne."

Na koma. Wannan laifina ne, na ɗauka. Kunya ta kama ni, na ce wa kaina ƙila injin ya san abin da dagi bai sani ba. Da na san abin da zai biyo baya, da a ƙarƙashin motar zan kwanta.

Na huɗu. Ranar buɗewa ka zo da kanka, Yallaɓai, kuma ranar ka san sunana sarai. Aka ɗora mini wata farar riga mai rubutu a kan tawa, aka tsayar da ni kusa da kai, aka ce in kama famfo in yi murmushi. Ka ce Tudun Gawo abin koyi ce, ga talaka ya shiga aikin kimiyya da hannunsa. Bayan mako ɗaya magina suka zo da siminti da rodi suka malale bakin rijiyarmu, suka kafa allo cewa duk wanda ya taɓa zai gamu da hukuma. Dalilinku shi ne buɗaɗɗiyar rijiya tana kawo amai da gudawa, yara kuma suna faɗawa. Ban musa ba, na binne yara saboda ruwa mara kyau kamar kowa a garin nan. Amma ina kwamitin da kuka kafa? Wa aka kira? Na roƙi shugaban maginan ya bar ƙofar ƙarfe da kwaɗo, a jira bazara ɗaya a ga ƙarfin burtsatsen. Ya ce babu ƙofa a zanen da aka ba shi.

Na biyar. Bazara ba ta kai rabi ba famfo ya fara tari, yana fitar da iska da ɗan jan ruwa, daga nan ya yi shiru. Sola tana nan tana ƙyalli, tanki yana sama babu ko ɗigo. Yau wata na uku ke nan matan garinmu suna tafiya ƙauyen gaba da jarkoki, su dawo rana ta take. Tabawa ta haura sittin, gwiwarta a kumbure, amma haka take bin layi. Mutane sun kai awakinsu kasuwa sun sayar ba don suna so ba. A masallaci buta ɗaya mutum uku suke alwala da ita. Kuma duk wannan ana yi ne ana wucewa ta gefen rijiyar da ke da ruwa a cikinta.

Da kuka ya yi yawa ka kira taro a makarantar firamare. Na zauna a layin gaba, ina zaton za ka tambaye ni. Sai ka ce injiniyoyi sun yi aikinsu daidai, matsalar daga bayanan da aka karɓa a hannun mutanen gari ne, kuma darasi ne cewa bai kamata a riƙa danƙa awo ga wanda bai yi makaranta ba. Ba ka kira suna ba, amma mutum ɗaya ne ke awo a garin nan, kuma kowa ya juyo ya dube shi. Na ɗaga hannu, ka duba agogo ka ce lokaci ya ƙure.

Tun ranar samari Injiniya suke kirana in na wuce. Wani mai lambu da muka yi magana zan haƙa masa rijiya ya aiko a ce in dakata tukuna. Wanda ya fi ci mini rai shi ne abin da aka gaya wa Tabawa a bakin rijiyar ƙauyen gaba, cewa ta koma bayan layi tunda mijinta ne ya kashe wa gari ruwa. Ba ta faɗa mini ba, a bakin maƙwabciya na ji. Wallahi na yi kuka, ban kuma ji kunyar rubuta shi a nan ba.

Na shida, kuma nan nake so ka gyara zama. Kansilanmu, Allah Ya saka masa, ya samo kwafin takardar da ofishinku ya ba ɗan kwangila. Hedimastan makarantarmu ya karanta mana a zauren mai gari. Lambobina ne, babu wanda aka sauya. Amma a saman layin, inda nake rubuta gaba, mita aka buga. Mai gari ya aika aka kira Ɗanjuma tela da tef ɗinsa na ɗinki. Na miƙe na buɗe hannaye kamar rigar da aka shanya, ya auna. Gabana ɗaya saura kaɗan ya cika mita biyu. Hedimasta ya yi lissafi a bayan takardar, gaba ashirin da biyu ya tashi kusan mita arba'in. Ku kuwa a ashirin da biyar kuka tsaya, daidai kan ruwan yaudara.

To Yallaɓai, wane ne bai yi makaranta ba? Wani a ofishinka ya zauna gaban kwamfuta ya kwashe lambobina, ya ga kalmar da na rubuta da hannuna a kan kowace takarda har tsawon shekara biyu, ya yar da ita. Ko bai san gaba ba ne, ko ya sani ya raina, ban sani ba. In bai sani ba, tsakanin ofishinku da ƙofar gidana tafiyar babur ce da ba ta kai awa ɗaya ba. A garin Daura ma, duk tsohon da ya tare a bakin kasuwa zai buɗe masa hannu ya nuna masa.

Yanzu na gane abin da kuke nufi in kun ce a tafi da jama'a. Kuna son hannunmu ya cika fom, kuna son fuskarmu a hoto, in abu ya lalace kuma kuna son wuyan da za a rataya wa. Bakinmu ne kawai ba ku da akwatinsa. Na yi magana a ƙofar mai gari, na yi a bakin motar haƙa, na yi ranar siminti, na ɗaga hannu a makaranta. Sau huɗu, kuma ko sau ɗaya aka saurara da yau Tabawa ba ta kan hanya.

Ga abin da nake nema, ba roƙo nake ba.

Ɗaya, ka turo a fasa kankaren nan a buɗe mana rijiya, a sa mata ƙofa da kwaɗo, makulli a hannun kwamiti. Wannan shi ne na gaggawa, sauran suna iya jira.

Biyu, ka zo da takarduna na asali, masu rubutun hannuna, in ba a ƙulla ƙosai da su ba. A karanta su a ajin da ka tozarta ni, ka janye maganarka da bakinka.

Uku, in za a ƙara zurfin burtsatsen, a sa mai haƙa ɗaya na gari a cikin igiya, kuma in ya ce ba a iso ba a tsaya a ji dalilinsa.

Huɗu, ba mu kaɗai aka raba wa fom ɗin nan ba. Masu haƙa na sauran ƙauyuka su ma da gaba suke awo, kuma ban ji wanda tef ɗinsa ya iso ba. Ka duba takardunsu kafin motar haƙa ta je.

In ba a buɗe rijiyar ba zuwa Juma'ar sama, ana sallame sallah zan ɗauki guduma in fasa da hannuna, da rana tsaka, allonku yana kallona. Mai gari ya ce babu ruwansa, na ce na ji. Na faɗa maka tun yanzu ne don kada a wahalar da 'yan sanda wajen neman wanda ya yi.

Amma ka san fasawa ba ita ce aikin ba. Rijiyar da ta daɗe a rufe tana tara muguwar iska a ƙasa, kuma sai an sauka an yashe ta kafin a sha. Zan zura fitila in ga ko za ta mutu, kamar yadda mahaifina ya koya mini, sai dai fitila ba kullum take faɗin gaskiya ba. Samarin da za su iya sauka iyayensu sun hana, saboda allonku, ban kuma ga laifinsu ba. Saura ni. Shekarata sittin da huɗu, ƙirjina ba kamar da ba, rabona da sauka irin wannan zurfin an daɗe. Tabawa ta ce gara ta mutu a hanyar ɗibar ruwa da ta tsaya a bakin ramin nan tana jiran a jawo ni. Kwana biyu ke nan tana ajiye mini tuwo ta juya ta fita.

In na fito, ku kama ni, ruwa dai ya samu. In ban fito ba, kada ka wahalar da kanka da zuwa gaisuwa. Ka rubuta a rahotonka cewa a Tudun Gawo an tafi da jama'a har ƙasan rijiya.

Allah Ya ba ka lafiya da tsawon rai, Ya sa ka gama da kujerar nan lafiya. Allah kada Ya jarrabe ka da tsayuwa a bakin ruwa kana jin ƙishi, kada Ya sa a nuna iyalinka da yatsa saboda laifin wani. Allah Ya ba ka ikon jin magana kafin Juma'a.

Wassalam.

Haruna Iro Maidagi,
Tudun Gawo, ƙasar Daura.