Hoton Inna Hajo a Bango

Laraba, bayan isha'i.

Har yanzu raina a ɓace yake. Nura, ɗan ƙanwar Baba, ya matsa sai na je ɗan shagon zane-zanen nan na Sabon Gari inda aka rataye aikinsa. Na tafi da murnata.

Ina shiga na ga Inna Hajo, maƙwabciyarmu, a bango. Ya zana ta yadda take ranar da aka binne ɗanta, kallabi ya zame, baki buɗe tana kuka. Ashe ranar hoto ya ɗauke ta a waya, mu muna ta ba ta haƙuri. Wasu 'yan mata kuma sun tsaya gaban zanen suna ɗaukar hoto suna dariya.

Na ce, "Nura, ta san da wanga abu?"

Ya ce, "Haba Yaya, fasaha ce. Wa zai kawo ta nan?"

Ko lemon da ya miƙo mini ban karɓa ba.

Da na dawo na iske ta ƙofar gida. Ta tambayi aikin Nura, ta yi ta sa masa albarka. Na kasa cewa amin.