Ka Koma Ka Duba Harafin N

Roni, ta Kazaure,
12 ga Yuli, 1957.

Zuwa ga ƙanena Daudu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya a can Badun, kai da abokan karatunka. Allah ya ƙara maka basira, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan alhamdu lillahi, damina ta zauna, gero ya yi kyau, matata Ma'u ta yaye Hussaini. Sai dai kakarmu Ya Kura, jikin ya ƙi daɗi. In ka ga rubutuna a karkace, a tsaye nake yinsa, mai kai wasiƙu Kazaure yana jirana.

Wasiƙarka ta iso. Ka ce ka wuni a ɗakin littattafan kwalejinku, ka bi akwatunan katin da aka jera sunaye harafi-harafi, ka buɗe littattafan tarihin Barno da taswirori, babu wani gari mai suna Goromari. Na karanta wa Ya Kura kamar yadda ka rubuta, kuma na yi da na sani. Sai ta juya fuska bango. Ka san tun tana 'yar ƙarama aka gudo da ita lokacin yaƙin Rabe, abin da ta fito da shi daga garinsu sunan ne kaɗai. Ka kuma san yadda muke tsokanarta, wai garin da ake ba mutum goro a bi shi da mari. Da can dariya take yi ta jefe mu da mafici, yanzu ta daina.

To, ga abin da ya hana ni sukuni. Ranar Talata zazzaɓi ya rufe ta, Hausa ta gudu daga bakinta, sai Barbarci zalla. Na aika aka kira Malam Abatcha mai kanwa ya zo ya ji mana abin da take faɗa. Yana jin ta ambaci garin sai ya dube ni, ya ce ai ba Goromari take cewa ba, Ngoromari ne. Ya ce bakin Bahaushe ne ba ya iya fara kalma da "Ng", sai ya yar da N ɗin. Ita ma da ta ga ba mu iyawa, ta bi mu a haka duk shekarun nan. Ashe mu ne muka tura ka akwatin da ba shi ba.

Don Allah, Daudu, ranar da wannan ta same ka, ka koma ka ja akwatin N. Ka duba ƙarshen kowane littafi inda ake jera sunaye, har na Turawan da suka ratsa Barno tun da. Malam Abatcha ya ce mai yiwuwa garin ya faɗa ɓangaren Faransa, saboda haka ka roƙi mai kula da ɗakin ya fito maka da taswirorinsu. Kada kunyar nan taka ta hana ka tambaya, na san halinka, gara ka ɓata da ka buɗe baki.

Jiya ta ɗan farfaɗo, na gaya mata zan sake rubuto maka. Na ce in an samu sai mu kai ta da kaka. Ta yi murmushi ta ce, "Sama'ilu, ba zuwa zan yi ba. So nake in san ba mafarkinsa na yi ba." Tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya.

Baba da Inna suna sa maka albarka. Shatu da Fatu da Kawu Zarami suna gaishe ka. In ka samu, kada ka tsaya rubuta wasiƙa, ka buga waya Kazaure, ni zan hau keke in karɓo. Kalma ɗaya ta isa, ka ce akwai.

Ni ne wanka,
Sama'ilu.