Gurbin Yaya Vernell

Memphis, Oktoba 1963

Yaya Vernell,

Gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da mijinki Cleophus da jaririnmu Alvin. Ki gaida Mama, ki ce mata ina cin abinci, ko da yake a nan jihohin Kudu gidajen abincin bakin hanya ta taga ta baya suke miƙo wa irinmu baƙar fata.

Yaya, faifan waƙarmu ya kama! Jiya a zauren rawa an ɗaura igiya a tsakiya, namu a gefe ɗaya, fararen fata a ɗayan. Da Thomasina ta ja baitin farko na “Kada Ka Buga Ƙofata”, ni da Delphine muka amsa, sai ga yaran ɓangarorin biyu suna rerawa tare da mu. Delphine ta raɗa mini, “Ina ma Vernell na nan.” Na ce ai ke kika haɗa ƙungiyarmu ta Zinnias a ɗakin ƙasa na cocinmu, ke kika koya mana amshi, ni gurbinki kawai na shiga da ciki ya zaunar da ke. Rigarki ma nake sawa, an ɗan rage ta a ƙugu.

Mista Prewitt na kamfanin faifai ya ce nan gaba kaɗan gidajen rediyon fararen fata za su fara sa mu. Ki taya mu da addu'a.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Lurline

Detroit, Nuwamba 1963

Zuwa ga Lurline,

Bayan gaisuwa, duk muna lafiya. Alvin ya fara haƙori.

Na ji waƙar. Ba yadda za a yi in ƙi ji, don a shagon gyaran gashi rediyo ba ya mutuwa. Ina riƙe da ƙarfen miƙar da gashi a kan Misis Tolliver ta ce, “Ashe ba ƙungiyarki ba ce wannan? Kai, da kin daure.” Saura kaɗan in ƙona mata kunne.

Tunda kin ce ni na koya muku, bari in ƙara darasi. A amshi na biyu kina shigowa a makare, kuma numfashinki yana ƙarewa kafin baitin ya ƙare. Sannan wa ya ce a zuba muku wannan gogen na Turawa? Waƙar da muke yi har bencin coci ya girgiza, sun tsarma mata ruwa don ta shiga falon masu kuɗi. Amma me na sani, ni mai wanke kawunan mutane.

Rigar kuwa ki riƙe. Ba ta shigata yanzu.

Yayarki,
Vernell Askew

New York, Yuni 1964

Yayata ta kaina,

Ina gaishe ki da kowa da kowa. Ki yafe shirun da na yi, ko lokacin wanke safa ba mu da shi.

Kin dai gani a talabijin, Mama ta ce duk layinmu a falonki suka taru. Sabon faifanmu shi ne na ɗaya a ƙasar nan baki ɗaya, ba a jerin waƙoƙin baƙar fata kaɗai ba. Kamfani ya ɗauko mana wata mata da ke koya mana tafiya da littafi a ka, da yadda ake riƙe cokali, da yadda ake murmushi idan an yi mana tambayar rainin wayo. Wata 'yar jarida ta tambayi Thomasina ko gashin nata ne. Ta ce, “Nawa ne mana, ni na saya.” A kaka za mu London.

Af, Delphine ta bar mu, aure za ta yi da wani likitan haƙori a Toledo. An ɗauko wata yarinya daga Cleveland, Marva, ba laifi muryarta. Na aiko miki da turare, Alvin kuma takalma.

Taki har kullum,
Lurline

Detroit, Yuli 1964

Lurline,

Ina gaishe ki saboda haka aka yi mana tarbiyya.

Ranar Asabar aka binne dattijon cocinmu, Baba Whitlow, ni na yi waƙar rakiya. Da aka fito sai ga Mista Prewitt a bakin ƙofa yana share ido. Ya kama hannuna ya ce, “Misis Askew, har yau ina jin zafin ƙin da kika yi mana.”

Na ce, “Wane ƙi?”

Ya ce, “Da Delphine za ta tafi, ke na fara nema. Na aiki ƙanwarki, ta dawo ta ce kin ce kin gama da waƙar duniya, mijinki ma ba zai yarda ba.”

Cleophus yana gefena, shi da yake ce mini kullum, “Idan suka kira ki, ki tafi, ni da Mama za mu riƙe yaron.” Da muka shiga mota ya ce, “Vern, wannan kuma jininki ce.”

Na zauna a falona na kalle ki a talabijin, maƙwabta suna tafi, ina raba musu burodin masara, zuciyata tana ci kamar garwashi, ina kuma tsawata wa kaina cewa hassadar ƙanwa zunubi ne. Ashe ƙofar ta buɗe mini, ke kika sa ƙafa kika rufe. Turarenki yana nan cikin kwalinsa. Ki gaya mini dalili kawai.

Vernell

Philadelphia, Agusta 1964

Yaya,

Gaisuwa. Kin nemi dalili, ga shi, kuma ba haƙuri zan ba ki ba.

Tun ina ƙarama, idan muka tashi waƙa a coci, ke Mama take kallo. Ni aikina riƙe miki jaka. Da na shiga Zinnias, mai ɗaukar sauti ya yi wata guda yana kirana “ƙanwar Vernell”. Har gobe idan na maimaita baiti sai ya ce, “Yayarki sau ɗaya take yi.” Ke ma da na rubuto miki murnata ta farko, me kika mayar mini? Numfashina gajere ne.

Ni na kwana a kujerar bas daga Georgia zuwa Texas. Ni aka jefa da kwalba a Mobile, tabon yana nan ƙarƙashin gashin goshina. Ina tsaye bayan Thomasina, na yarda, ita ba uwarmu ɗaya ba. Amma in koma bayanki a kan abin da na sha wuya a kansa, har Mama ta kunna talabijin ta sake kallon ki ke kaɗai? Ban iya ba.

Yanzu kuma kin rama, ko kin sani ko ba ki sani ba. Tun ranar jana'izar nan Mista Prewitt ba shi da zance sai muryarki. Jiya na ji shi yana ce wa Thomasina, “Uku ake bukata, ba huɗu ba, Marva kuwa ta sa hannu a takardar kwantiragi ta shekara biyu.” Ya gan ni ya canza zance. Ba sai an fassara mini ba. Idan ya kira ki, gurbina zai ba ki.

Ba ni da sana'a, Yaya. Ko gashi ban iya miƙarwa ba.

Lurline

Detroit, Satumba 1964

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Mista Prewitt ya kira, na je, na rera sau ɗaya. Thomasina tana wurin. Ya ajiye takardar kwantiragi a gabana har da tafiyar London a ciki, na ce zai ji amsata ranar Litinin.

Mama ta ce in bari. Cleophus ya ce in karɓa. Ni kuwa ina so, Lurline, ina so har ba na iya cin abinci.

Na san kuna gari ranar Lahadi. Ki zo gidana bayan coci, ke kaɗai, ba da motar kamfani ba. Ki dube ni ki ce, “Yaya, ki bar mini.” Ba ki taɓa roƙona komai ba, ɗauka kawai kike yi ta bayan ido. Ban yi miki alkawarin abin da zan ce ba, don ni ma ban sani ba tukuna.

Za a dafa kaza. Ki zo da yunwarki.

Yayarki,
Vernell