Safar da Umma Ke Saƙawa

Assalamu alaikum Yaya,

Ya yara, ya ƙafar Umma? Ni lafiya lau, har aiki an rage min.

Hoton nan da na ɗora kuka yi ta murna, Yaya, ba ciki ba ne, ruwa ne ya taru a cikina. Likita ta ce jini ne ya cushe a hanyar shiga hantata. Wai jikina ya zaci jini ya ƙare, sai jijiyoyi suke ta sakin wani sinadari, norafinafirin, har na duba a waya. Shi ke sa zuciyata gudu ina zaune, ƙafafuna kamar ƙanƙara.

Kin ce Umma ta fara saƙa safar jariri. Don Allah kar ki gaya mata tukuna. Ki ce mata dai ta saƙa babba, ni zan sa.

Allah ya sada mu,
Ƙanwarki